Ƙyauren Maɗinki

Ni maɗinki ne, kuma ɗan maɗinki. Abin da hannuna ya sani shi ne allura da zare. Har na yi aure ban taɓa riƙe gizago ba, sai dai in miƙa wa mai shi. Duk da haka akwai ƙyamare a cikin gidan nan da ni na sassaƙa su na kafa, kuma wanda ya dube su sau ɗaya zai gane ba aikin masassaƙi ba ne. Jikokina suna yi musu dariya, ni kuwa ba na hana su, don ba su san dalilin da ya sa na ajiye allura na shiga daji ba.

A zamanin da nake faɗa, ƙyauren itace a cikin Birnin Gwari na zaure ne, ko na gidajen masu hali. Ɗakunan cikin gida asabari ake saki da rana, da dare a jawo tufaniya a tokare da itace. Haka nawa gidan yake, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba sai shekarar da surukata ta dawo wurinmu.

Mijinta ya rasu da kaka. Suna zaune ne a wata 'yar tunga bayan Randagi, a bakin daji, inda babu ganuwa babu komai, kuma maƙwabta sun fara tashi ɗai-ɗai saboda mahara. Da ta fita takaba, matata ta yi ta kuka har na aika aka ɗauko tsohuwar. Na gyara mata ɗaki, na sa aka yi sabon daɓe, na saya mata tabarma da randa. A raina na ce na gama aikin kirki, saura a yaba.

Abin da ban lissafa ba shi ne gidana ƙarami ne. Ɗakin da na ba ta yana kallon hanyar da nake bi daga zaure zuwa ɗakina. Ba yadda zan shiga ko in fita ban gifta ƙofarta ba. Ita kuwa mutuniyar da ce, irin waɗanda kunyar suruki ta fi musu ciwo nauyi. In ta ji takuna sai ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. In tana cin abinci sai ta tsaya cak da loma a baki har in wuce, kuma daga nan ta gama ci ke nan. Asabari ba ya ɓoye komai, tana ganin ƙafafuna ina ganin inuwarta. Na koma yin sanɗa a gidana, na daina tari, na daina dariya da ƙarfi, duk a banza. Akushi yana shiga ɗakin a cike yana fitowa an ɗan gutsuri gefe. Kafin bazara ta yi nisa, zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta fiye da yadda ya saba.

Ƙari a kan haka, matata ita ce 'yarta ta fari, don haka ita ma ba a kiran sunanta, ba a kuma yi mata magana ido da ido. Tsohuwar ta samo wa kanta hanya. In tana son ruwa sai ta gaya wa randa cewa ta bushe. In miya ta yi gishiri sai ta faɗa wa ludayi. Mu kuma mu tsinci saƙon a iska. Da farko abin yana ba ni dariya a ɓoye. Wata safiya kuwa tana watsa wa kaji tsaki, sai ta gaya musu cewa ɗan ƙanenta zai zo kasuwa da jakunansa kafin rafi ya cika, kuma in ya zo za ta bi shi ta koma ɗakinta.

Matata tana sheƙa hatsi lokacin. Ta ajiye faifai ta shiga ɗaki. Ni na san abin da ta sani. Tana da ciki na fari, kuma haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. In tsohuwar ta koma tunga, matata ma can za ta bi ta, ta haihu ta yi wankan jego a wurin da ba ganuwa, rafi kuma a tsakanina da su. Ban iya hanawa ba, don ba wanda ke hana wannan. Na ji tsoro sosai, irin tsoron da ke sa mutum ya zauna da riga a cinya bai san ya daina ɗinki ba.

Na tambayi matata me zai riƙe uwarta. Ta ce ba ta sani ba, amma a can gida ɗakin tsohuwar yana da ƙyaure, marigayi mijin tsohuwar ne ya sa aka yi mata tun tana amarya, kuma tun tasowarta ba ta taɓa ganin uwarta ta ci abinci ƙofa a buɗe ba. Na ce in ƙyaure ne, an gama.

Na tafi wurin masassaƙin unguwarmu. Ya ce ya riga ya fara sharar gona, ba zai taɓa aikin ƙyaure ba sai an kai hatsi rumbu. Na roƙe shi, na kawo masa zancen rigar da na yi wa ɗansa, bai motsa ba. Abin da ya yarda ya yi shi ne ya ara mini tsohon gizago da gatari, ya zana mini a ƙasa yadda abin yake. Alluna ne ake jerawa a ɗaure su da itace biyu a gicciye, a buga ƙusoshi. Allon gefe ɗaya a bar masa tsini sama da ƙasa. Tsinin ƙasa ya zauna cikin wani ɗan dutse mai rami da ake binnewa bayan dokin ƙofa, na sama ya shiga rami a jikin azarar da ke bisa ƙofar, a kan su ƙyauren zai riƙa juyawa. Da ya gama ya dubi tafin hannuna ya ce in sayi man kaɗe da yawa. Na ji haushin maganar, amma na saya.

Ban yi gangancin farawa da ɗakin tsohuwa ba. Maɗinki ba ya koyon yanka a kan rigar mutane. Na fara da ɗakin ajiya. Na shiga daji na sari ɗanyen itace, don shi ya fi taushi, na tsaga shi da kyar, na yi ta sassaƙa har hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Maƙeri ya yi mini ƙusoshi. Ranar da na kafa shi na ja baya na dube shi kamar ni na ƙirƙiro ƙyaure a duniya. Ya cika ƙofar daidai, ba inda haske ke shiga. Sai zafin bazara ya yi aikinsa. Allunan suka bushe suka tsuke, suka rabu da juna, ɗaya ya karkace. Ba a daɗe ba kyanwa ta fara shiga ɗakin ajiya ba tare da an buɗe mata ba.

Na zauna na yi tunani irin na masu sana'ata. Na ce ashe itace ma kamar sabon saƙi yake, in ka yanka shi daidai jiki, wanki ɗaya zai sa ya ɗage. Maganin wannan kuwa na san shi tun ina yaro a gaban babana, rara ake bari.

Na biyun ban yarda da ɗanye ba. Na samu labarin wani Bagwari manomi a Kusasu da itacen kawo ya faɗi a gonarsa tun shekarun baya, ya bushe ƙarau. Na je, muka daidaita, shi da kansa ya taimaka mini muka tsaga. Mutumin kirki ne, Hausarsa ba ta da yawa amma ba ya ɓarnar ta. Da zan tafi ya dubi sama inda hadari ya fara haɗuwa, ya buga allon da hannu ya ce, "Damina ya zo. Ka bar rara." Na yi murna ƙwarai, na ce masa ai abin da na riga na gano ke nan. Ya gyaɗa kai, na gyaɗa kai, muka rabu kowa yana ganin ɗan'uwansa ya fahimta.

Sai daga baya na gane ba abu ɗaya muke faɗa ba. Shi yana nufin busasshen itace yana shan laima da damina ya kumbura, don haka a bar masa sarari a jikin ƙofa. Ni kuwa a wurina rara a jikin tufa take, abin da ake ƙarawa. Kalma ɗaya ce, shi ya ce a rage, ni na ji a ƙara.

Awon ma ba ni na yi ba, don ba na shiga ɗakin surukata. Matata ce ta auna ƙofar da zare tana ƙulla alama, lokacin da tsohuwar ta zagaya bayan gida. Na ɗauki zaren na ɗora a kan allunan, na ƙara faɗin yatsa ta kowane gefe, na ƙara kaɗan a sama da ƙasa saboda ko-ta-kwana. Ana cikin haka aka yi ruwan shuka, aka sake yin wani. Ƙyauren yana jingine a zaure yana shan iskar damina, ni ina wucewa ina shafa shi.

Matsalar kafa irin wannan ƙyaure ita ce daga cikin ɗaki ake yi. Dole in shiga. Muka shirya da matata cewa za a yi ranar da maƙwabciyarmu take sunan jika, don tsohuwar ta ce wa tsintsiya za ta leƙa barka bayan azahar. Ranar, da na dawo daga masallaci, na tambaya ko ta fita. Matata tana madafa tana fama da jiƙaƙƙen itace, ta ce ta ga ta ɗauki mayafi tun ɗazu. Na yi sallama a bakin asabari don cika ƙa'ida, ba a amsa ba. Na naɗe asabarin na shiga.

Ɗakin da duhu, ga hadari a waje. Can ƙurya akwai gado da tarin ƙore da wasu ƙullin kaya, ban ko dubi wajen ba, don ko ba ta nan ina jin nauyin kallon kayanta. Na tuɓe riga na rataye, na rage daga ni sai wando. Na haƙa daɓen na binne dutsen, na dandaƙe ƙasa kewaye da shi, na rarake ramin sama. Na miƙa wa matata gizago da sauran kayan waje don kada su tare mini wuri, na jawo ƙyauren ciki.

Ina da wani hali, in aiki ya yi mini wuya ina magana da shi. Allura ma tana shan faɗa a wurina. To, ƙyauren nan ya sha. Tsinin sama ya ƙi shiga, na zage shi, na zagi bishiyar da ta haife shi. Na yi waƙa, irin wadda samari ke yi a dandali, ba irin ta gaban manya ba. Da ya matse mini yatsa na ce masa, da ƙarfi kuwa, tsohuwar nan ita za ta yi ajalina, ta ƙi ci ta ƙi sha ta mai da ni masassaƙin dole, in ta tafi da matata daji ni kuma in zauna in ci me. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba.

Da kyar ya zauna. Na juya shi, yana gurzar ƙasa amma yana tafiya. Na tura don in ga yadda zai rufe, ya tsaya a bakin gurbinsa ya ƙi shiga. A ɗinki in abu ya ɗan yi yawa, lallaɓa shi ake yi a cusa, ya kwanta. Na sa kafaɗa na lallaɓa shi da dukan ƙarfina. Ya shige da wata ƙara, ƙasa ta zubo daga sama, ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

Na tsaya ina haki, ina jin daɗi, don ko ɗigon haske babu. Sannan na lalubi abin da zan ja in buɗe, na tuna ban sa mariƙi ba tukuna. Na sa farce a gefe, babu inda farce zai shiga. Na kira matata ta tura daga waje. Ta tura, ko gezau. Ta ce bari ta ja baya ta buga da kafaɗa, na ce kada ta kuskura, a halin da take ciki.

A nan ne aka yi gyaran murya a bayana.

Na taɓa haɗuwa da kura a hanyar gona, ban ji abin da na ji a lokacin nan ba. Ashe ta ɗauki mayafin, jiri ya ɗebe ta saboda rashin ci, ta ce bari ta ɗan kwanta. Sallamata ce ta tashe ta, kafin ta yi shawara na riga na shigo na tare ƙofa, na kuma tuɓe riga. Fita ta gabana ba zai yiwu ba, magana ba za ta yiwu ba. Sai ta lulluɓa ta lafe bayan ƙore, ta ji waƙar, ta ji zagin, ta ji abin da na ce a kanta tun daga farko har ƙarshe.

Na durƙusa a wurin ina laluben rigata. Na sa ta a bai-bai. Na gaishe ta, muryata kamar ba tawa ba, na sake gaishe ta, don ban san abin da ake yi bayan gaisuwar farko ba. Daga waje matata ta tambaya da wa nake magana. Da ta gane, sai na ji wani sauti kamar ana shaƙe akuya. Dariya take dannewa da zane. Da ta samu numfashi ta ce ko ta kira maza daga gidan suna su ɓalle ƙyauren.

Ni da tsohuwa muka ce a'a a tare. Wannan ce maganar farko da muka taɓa haɗuwa a kanta. Gidan suna cike yake da mata, kafin magariba labarin zai kai kowace ƙofa ta ganuwa.

Muka zauna a duhu, ni a gindin ƙyaure, ita a ƙurya. Ruwa ya sauko a waje. Na yi ta tura yatsa ina neman dabara, babu. Can sai ta yi magana, a hankali, ba da ni ba.

"Kai ƙyaure," in ji ta, "ƙafarka a kan dutse take. In an haƙe ƙarƙashin dutsen, ai za ka sauka."

Na ce wa ƙyauren gaskiya ne, amma mai shi ya fitar da kayan haƙa waje da wayonsa. Sai na ji tana jan wani abu, tana kwance ƙulli. Ta daɗe tana kwancewa, na ji ƙarar 'yan ƙore da mazari da abin da ban gane ba suna zubowa kan tabarma. Sannan wani abu ya gurguro a daɓe ya taɓa gwiwata. 'Yar fartanyarta ce, wadda ta zo da ita daga tunga. A can ƙasan ƙullin take. A nan na gane kayan da na ƙi kallo ɗazu ba ajiya ba ce, ta riga ta ɗaure komai tana jiran jakuna.

Na fara haƙa a lalube. Daɓen da na biya aka yi mai kyau, yanzu shi ne abokin gaba. Ina haƙa ina jin ta tana numfashi. Wataƙila duhun ne, wataƙila kuma don na riga na zubar da duk mutuncin da nake da shi a gabanta, babu sauran abin tsaro. Na ce wa ƙyauren ya ba mai ɗakin nan haƙuri a kan abin da ta ji, bakin maɗinki ne, ba shi da linzami. Na ce ya kuma tambaye ta me aka yi mata a gidan nan da take son tafiya.

Ina cikin sara ta ce wa ƙyauren ba a yi mata komai ba sai alheri, kuma alherin ne ya yi mata nauyi. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa cin hatsin da ba ta san gonarsa ba. A can, ko ba kowa, ita ke shuka kuɓewarta ta daka dawarta. A nan kuwa an ajiye ta a ɗaki kamar tulun da ya tsage, ana kawo mata tuwon suruki tana ci yana wucewa yana gani. Ta ce loma ba ta wuce mata.

Na ajiye fartanyar. Ban taɓa tunanin wannan ba. Ni ina ganin hutu na ba ta.

"Ƙyaure," na ce, "ka gaya wa Inna ni ban san uwata ba, tun ina goye ta rasu. Ba ni da gwaggo a garin nan, ba ni da kowa mace. Abin da ke tafe gidan nan da kaka, ban san ta inda ake kama shi ba. Ban san itacen da ake dafa ruwa da shi ba, ban san kunun da ake damawa ba. In ta tafi, ko dai in bar su su bi ta inda ba na iya barci saboda tunaninsu, ko in riƙe su a nan ba mai duba su. Ba taimakonta nake yi ba. Ni ke neman taimako, kunya ce ta hana ni faɗa."

Ban taɓa yin doguwar magana irin wannan a gaban babba ba, kuma na ambaci abin da ba a ambata a gaban suruka. Na jira faɗa. Abin da na ji kawai shi ne tana jan hanci. Daga baya ta ce wa ƙyauren ana ɓata lokaci, la'asar tana wucewa kuma butarta a waje take.

Na ci gaba da haƙa. Dutsen ya motsa, ya nutsa, ƙyauren ya yi ƙasa, tsinin sama ya fita daga raminsa. Na rungume shi na ja da baya, ya taho da ɓangaren yaɓen bango, muka faɗi tare ni da shi. Haske ya shigo da iska mai sanyi. Ban taɓa son ganin tsakar gidana kamar lokacin ba. Matata tana tsaye cikin yayyafi da buta a hannu, idonta ya yi ja don dariya. Tsohuwar ta ja mayafi har haɓa, ta tsallake ƙafata ta fita ba ta dubi kowa ba.

Washegari ta tafi barkar da gaske, tun da hantsi, kuma ta daɗe da gangan. Na fito da ƙyauren tsakar gida na rage shi ta kowane gefe. Tsoro ya sa na wuce gona da iri, har yau akwai sarari a ƙasansa da ɗan tsako zai iya bi. Na mai da dutsen, na yaɓe bangon, na sa mariƙi ciki da waje, na sa sakata ta ciki. Na buɗe na rufe har matata ta ce zan gajiyar da shi. Na kuma share wani ɗan fili bayan ɗakin, inda ba na bi, na kafa masa shinge, na jingine fartanyar a wurin ban ce wa kowa komai ba.

Daga nan komai ya koma yadda yake, ko kuma haka na gani. Ba ta sake magana da ni ba, ko ta bakin ƙyaure. In na gifta, ƙofar a rufe take, ban san abin da ke bayanta ba. Ko ta sake ɗaure kayan, ko ta bar su a kwance, matata ma ba ta sani ba, don yanzu akwai sakata. Na ce wa kaina wannan fa shi ne ladan aikina, da ina ganin inuwa, yanzu ko inuwar babu. Ruwa yana ta sauka, fatake suna cewa rafi ya fara kai wa jaki ciki.

Ɗan ƙanen nata ya zo ranar kasuwa. Ina zaune a zaure da wata rigar saƙi a cinya ya yi sallama, muka gaisa, ya ɗaure jakunan a ƙofar gida ya shiga wurin gwaggonsa. Na ji ƙyauren ya buɗe ya rufe. Na yi ta ɗinki ban ɗaga kai ba. Sai da na zo juya rigar na ga na haɗe bakin aljihu na ɗinke shi ruf.

Ya daɗe kafin ya fito. Na dubi hannunsa, babu ƙulli. Na dubi bayansa, babu kowa. Ya tsuguna yana sosa ƙeya, ya ce gwaggo ta ce ya je ya nome gonar ya ci, ya kwance jinkar ɗakinta kada ta ruɓe a banza. In ruwa ya janye, ya kawo mata babbar tukunyarta ta dafa ruwa da irin kuɓewar da ke rataye a rumbu. Sannan ya ce akwai wani saƙo da bai gane kansa ba, ya tambaye ta wa zai ba, ta ce ya faɗa a zaure kawai, mai shi zai ji.

"Wai ɗakin can na kudu ma asabari ne," in ji shi, "kuma baƙon da ake jira da farkon sanyi zai sauka. Wai a fara neman itace tun yanzu."

Na ce masa na ji. Ɗakin matata take nufi. Ya yi sallama ya nufi jakunansa, na zauna a inda nake. Daɗi na ji, irin wanda ke zuwa da gajiya, kamar an sauke mini dami bayan doguwar tafiya. Na ɗauki rigar na fara warware aljihun da na ɗinke.

Ina cikin warwarewa na ji ƙyauren ya yi kukansa a cikin gida. Sannan na ji muryar tsohuwa, a fili, ba ƙasa-ƙasa ba, tana tambaya ko akwai sauran tuwon jiya a ɗumama mata.